Kyamarar tsaro a gida: Abubuwan da ke hana hoto isa wayar mai gida a Bauchi, da yadda ake gano su

Kyamarar tsaro ta daina zama kayan bankuna da gidajen manya a garin Bauchi. Ana ganinta a shagunan kasuwar Wunti da ta Muda Lawal, da ƙofofin gidaje a Fadaman Mada da GRA, har da gidajen hayar ɗalibai a Yelwa da Gwallameji. Abin da ke jan hankalin mai saye shi ne alkawarin cewa zai riƙa ganin ƙofar gidansa a wayarsa, ko yana ofis ko yana Abuja ko yana Saudiyya. Ranar da aka ɗaura ta komai yana tafiya daidai. Bayan 'yan makonni sai a buɗe manhajar a tarar da baƙin allo, ko kalmar "Offline", alhali hoton na nan tangaram a talabijin ko kwamfutar da ke falo.

Kafin hoto ya isa waya sai ya bi ta hannu biyar: kyamarar kanta, na'urar da ke naɗar hoton, rautar da ke haɗa gidan da intanet, kamfanin sadarwa, sannan wayar. Na'urar naɗin kan zama DVR idan kyamarorin na tsohon tsari ne masu wayar eriya, ko NVR idan masu adireshin IP ne, ko kuma kwamfutar da aka ɗora wa manhajar sa ido. A mafi yawan lokuta laifin ba na kyamara ba ne, ba kuma na waya ba. Yana tsakiya, wajen wuta da rauta. Shi ya sa bincike mai kyau ke farawa daga cikin gida ya fita waje.

Gwajin farko

Mutum ya tsaya a cikin gidan, ya haɗa wayarsa da wayarles na rautar, ya buɗe manhajar. Sannan ya kashe wayarles ya koma kan datar layinsa, ya sake buɗewa. Idan hoto ya zo a karon farko ya ƙi zuwa a na biyu, to kyamara da na'urar naɗi lafiyarsu ƙalau, hanyar fita intanet ce ta toshe. Idan ya ƙi zuwa a duka biyun amma yana fita a talabijin, a duba wayar da ta haɗa na'urar da rauta, da ƙananan fitilun da ke ƙyaftawa a bakin ramin da aka soka ta. Idan ko a talabijin babu hoto, magana ta koma kan wuta da wayoyin kyamara.

Wuta

Bauchi na ƙarƙashin kamfanin rarraba wutar lantarki na Jos, wato JED, tare da Filato da Binuwai da Gombe, kuma ba gida ba ne kowanne ke kan layin da ake kira Band A. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora na'urar naɗi a kan inbata a bar rauta a kan soket ɗin bango. An ɗauke wuta, na'urar na ci gaba da naɗi, amma babu mai kai hoton waje. Kyamarori huɗu da DVR da rauta gaba ɗaya ba su cika kai wutar tsohon ƙwan fitila mai wat 100 ba, don haka ƙaramin batir da faifan sola ɗaya na iya riƙe su duka.

Akwai wata alama da ke rikita mutane: kyamara ta yi aiki da rana, da magariba ta yi sai ta mutu ko hoton ya riƙa rawa. Galibin kyamarorin gida na amfani da bolt 12, kuma da duhu ya yi sukan kunna fitilun da ke ba su damar gani cikin dare, wanda hakan ke ƙara wutar da suke ja. Idan adaftar ta gaji, ko wayar ta yi tsawo, ko kuma irin mai arha ce da aka shafa wa jan ƙarfe a kan alminiyam, wutar da ke isa kyamarar ba za ta wadatar ba. Wayar intanet ta Cat5e ko Cat6 iyakarta mita 100 ne. Hoton da ya yi fari fat da dare kuwa sau da yawa ƙurar hunturu ce ko saƙar gizo a kan gilashi, tsumma mai laushi ya ishe shi. Tsawar damina kan ƙona ramin da wayar intanet ke shiga ta bar sauran na'urar na aiki, sai mai gida ya yi ta zargin kamfanin sadarwa.

Layin da aka manta da shi

Yawancin gidaje a Bauchi na samun intanet ne ta rauta mai layin MTN ko Airtel ko Glo. Layin yana cikin akwati a saman kabad, ba wanda ke karanta saƙonnin da ake turo masa. Data ta ƙare, ko wa'adinta ya cika, ko an rufe layin saboda ba a haɗa shi da lambar NIN ba. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta daidaita lambobin bincike a dukkan kamfanoni: *323# don ganin ragowar data, *996# don batun NIN. Sai a cire layin a saka a waya a duba.

Lissafin data ya cancanci a tsaya a kansa, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025. Kowace kyamara na fitar da hoto iri biyu: babba mai tsabta wanda ake naɗewa, da ƙarami da aka tanada don kallo daga nesa. A manhajar waya ana ganinsu da sunaye irin su HD da SD. Kyamarar da ke tura megabit 2 a daƙiƙa na cin megabait 900 a awa guda. Kyamarori huɗu a lokaci ɗaya sun ci gigabait 3.6, kuma a wuri biyu ake cire shi, layin rauta da layin wayar mai kallo. Ƙaramin hoton mai kilobit 512 bai wuce megabait 230 a awa ba. Ban da tsada, akwai batun ƙarfin turawa: gidan tura hoto yake yi, kuma saurin turawa a layukan waya ya fi na saukewa ƙanƙanta, ya kuma fi faɗuwa da yamma lokacin da kowa ke kan intanet. Hoton da ke tsayawa yana tafiya yawanci daga nan ne. Komawa kan ƙaramin hoto, da zaɓen tsarin matse bidiyo na H.265 a maimakon H.264 idan na'urar na da shi, kan magance shi.

Ƙananan kyamarori marasa waya, irin waɗanda ke aiki da manhajar V380 Pro ko Ezviz ko Tapo, da yawansu zangon 2.4GHz kaɗai suke ji. Sabuwar rautar da aka bari a kan 5GHz ba za su gan ta ba. Haka idan an sauya sunan wayarles ko kalmar sirrinsa, dole a sake haɗa kowace kyamara.

Dalilin da ya sa buɗe ƙofa a rauta ba ya aiki

A nan ne masu ɗan sanin kwamfuta suka fi ɓata lokaci. Bidiyoyin koyarwa daga Amurka da Turai kan ce a shiga rauta a buɗe ƙofa ga na'urar: lamba 8000 ga Hikvision, 37777 ga Dahua, 554 ga hoton da ke bin tsarin RTSP. Wannan dabara na aiki ne idan gidan na da adireshin intanet nasa na kansa, wanda za a iya nufa daga waje. Adireshin IP na tsohon tsari kusan biliyan 4.3 ne a duniya, kuma babban rumbunsu ya ƙare tun Fabrairun 2011. Saboda haka kamfanonin waya kan tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Misalinsa gidan haya mai ɗakuna da yawa da zaure ɗaya: ɗan haya na iya fita ya dawo, amma baƙon da ya zo daga waje ba shi da hanyar sanin ɗakin da zai ƙwanƙwasa, kuma makullin zauren na hannun kamfani.

Gane shi ba wuya. A shiga shafin rauta a duba adireshin da kamfani ya ba ta. Idan ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya bambanta da wanda shafukan duba IP ke nunawa, to gidan na bayan CGNAT, kuma ko ƙofa nawa aka buɗe ba za a shigo ba. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, shi ma haka yake a tsarinsa na gidaje.

Mafitar da ta dace da yawancin gidaje ita ce a bar na'urar ta nemi waje da kanta. Ita za ta kira uwar garken kamfanin da ya ƙera ta, wayar ma ta kira can, a haɗa su. Hik-Connect na Hikvision da DMSS na Dahua da XMEye duk a kan wannan suke. A menun Hikvision ana samunsa ƙarƙashin "Platform Access", a Dahua kuwa "P2P". Idan an kunna shi amma yana nuna ba ya kan layi, abubuwa uku ake dubawa. A kunna DHCP domin rauta ta ba na'urar adireshi da kanta, musamman idan an sauya rauta, tun da wata na raba 192.168.0, wata 192.168.1, wata 192.168.8. A saka 8.8.8.8 a gurbin DNS. Sannan a duba agogo. A cikin na'urar akwai ƙaramin batir mai kama da kwabo. Idan ya mutu, duk ɗaukewar wuta kan mayar da kwanan wata shekaru baya, uwar garke kuma na iya ƙin karɓar na'urar. A saita shi kan lokacin Najeriya, GMT+1. Hoton ɓarawo da ke ɗauke da kwanan watan 1970 zai sha tambayoyi a ofishin 'yan sanda.

Idan kwamfuta ce ke tura hoton

Wajibi ne a bambanta abu biyu. Manhajar iVMS-4200 ko SmartPSS da ke kan kwamfuta mai kallo ce kawai, kamar wayar. Kashe kwamfutar ba ya hana waya gani. Amma Blue Iris ko Agent DVR kan mayar da kwamfutar ta zama ita ce na'urar naɗi, kuma daga gare ta wayar ke ɗebo hoto, ta ƙofa 81 a Blue Iris, 8090 a Agent DVR, idan ba a sauya ba. A irin wannan tsari duk abin da ya taɓa kwamfutar ya taɓa tsaron gidan.

Windows kan sa kwamfuta barci bayan 'yan mintoci, ko da zarar an rufe murfin laftof. Sai a hana ta barci a saitin wuta. Takan sake kunna kanta bayan sabuntawa, ta tsaya tana jiran kalmar sirri, manhajar ba ta tashi ba. A saita manhajar ta riƙa tashi da kanta tare da kwamfutar. Idan Windows ta ɗauki wayarles na gidan a matsayin na bainar jama'a, katangar tsaronta za ta hana wayar shiga, don haka a mayar da shi na gida, a kuma ba manhajar izini. Kashe katangar gaba ɗaya ganganci ne. Adireshin kwamfutar ma kan sauya duk sanda rauta ta sake tashi, wanda a Bauchi na iya faruwa sau da yawa a yini. A ɗaure mata adireshi ɗaya a cikin rauta. Don kallo daga waje a bayan CGNAT, manhajoji irin su Tailscale da ZeroTier na haɗa waya da kwamfuta kamar suna ɗaki ɗaya ba tare da buɗe ƙofa ba. Tsohuwar kwamfuta mai Windows 10 tana da wani rauni: Microsoft ya daina ba ta tallafin yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025.

A ɓangaren waya matsalar ba ta da yawa. Wayoyin Android, har da Tecno da Infinix da itel, kan rufe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, sai sanarwar motsi ta daina zuwa. A cire manhajar daga jerin waɗanda ake taƙaitawa.

Wa kuma ke kallo?

Hikvision kan ɗaure na'ura da asusu ɗaya tak. Wasu masu ɗaurawa, don sauri, kan saka ta a asusunsu su raba wa mai gida kallo. Ranar da mai gida ya sauya waya sai manhajar ta ce na'urar na hannun wani. Ma'anar wannan ita ce wani a waje na iya ganin tsakar gidan, inda iyali ke zaune ba mayafi. Asusun ya kasance da lambar mai gida ko imel ɗinsa, kuma a sauya kalmar sirri bayan ma'aikaci ya tafi. A 2014 wani shafi mai suna Insecam ya baje hotunan kyamarori kimanin 73,000 daga ƙasashe daban-daban, waɗanda masu su ba su sauya kalmar sirrin da suka zo da ita ba. A Oktoban 2016 manhajar kutse ta Mirai ta yi amfani da irin waɗannan kyamarori da DVR wajen kai harin da ya durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya da aka sanya wa hannu a Yunin 2023 ta ɗauki bayanin da za a iya gane mutum da shi a matsayin abin karewa, saboda haka mai shago ko mai gidan haya ya kula da inda kyamararsa ke fuskanta da wanda yake tura wa hoton. Kyamarar da ta leƙa katangar maƙwabci kuwa, tun kafin a je ga doka mai unguwa zai ji labarinta.

Akwai lalacewar da waya ba ta nunawa. Hoton kai tsaye na iya zuwa lafiya alhali faifan ajiyar da ke cikin na'urar ya mutu tun watanni, saboda zafin Maris da Afrilu a cikin rufaffen kabad, ko yawan ɗaukewar wuta. Wasu na'urori kan yi ƙara idan haka ta faru, amma sau da yawa an kashe ƙarar don ta dami mutanen gida. Ana gane lafiyar faifan ne ta hanyar buɗe sashen sake kallo a manhajar, a zaɓi daren jiya, a nemi ƙarfe uku na dare a ga ko akwai abin da aka naɗa. Sau ɗaya a mako ya isa.