Majami'ar Laka ta Wusasa: Tarihinta, Gininta da Abin da Take Koya wa Mai Hidima

Duk fasto ko mai bishara da aka tura ƙauye a ƙasar Karfi, Malumfashi ko Funtuwa, ba zai daɗe ba sai dattawan ikilisiya sun kawo masa maganar gini. Yawanci maganar ita ce a rushe tsohon ɗakin sujada na ƙasa, a ɗora bulo da kwano. Kafin mu ce to ko a'a, ya kamata mu san tarihin wata majami'a da ke kusa da mu, wato ta Bartalamawas Mai Tsarki da ke Wusasa, a gefen birnin Zariya.

Yadda aka zo Wusasa

A shekarar 1900 wata ƙungiyar 'yan mishan ta CMS a ƙarƙashin Bishop Tugwell ta isa Kano, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba, sai suka koma Girku a ƙasar Zazzau. A cikinsu akwai likita Walter Miller, wanda ya shiga birnin Zariya a 1905 ya buɗe ɗakin magani da makaranta. A 1913 waɗansu daga cikin Isawa suka zo wurinsa. Su ne zuriyar almajiran Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. Waɗanda suka karɓi bishara a cikinsu sun kafa zama a Gimi, har ciwon barci ya yi musu ɓarna mai yawa, ya tarwatsa garin.

Zaman mishan a cikin ganuwa bai yi wa masarauta da gwamnatin Turawa daɗi ba. Saboda haka a 1929 aka ƙaura zuwa Wusasa, kusa da dutsen da ke wurin, Rabaran Guy Bullen yana jagora. Nan aka kafa makaranta da asibiti da majami'a. Daga wannan ƙaramin gari ne aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, kuma nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Shekara uku bayan ƙaura, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ba da ƙarfinsa a kai.

Yadda aka yi ginin

Waɗanda suka kafa Wusasa za su iya kwaikwayon cocin Ingila, amma sai suka yi ginin ƙasa irin na Hausa. Zazzau kuwa gidan gwanayen magina ce. A nan ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, a ƙarni na 19. Wannan sana'a da aka gada ita ce aka yi wa ɗakin Ubangiji aiki da ita.

A irin wannan gini ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta yi danƙo, sannan a mulmula tubali a shanya. Bango yakan yi kauri a gindi, yana raguwa zuwa sama. Kaurin nan shi ke tare zafin rana, ya sa ciki ya yi sanyi a bazara, ya yi ɗumi da hunturu. Wuyar aikin tana wajen rufi. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cika cinta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta yi faɗi. Dabarar magina ita ce bakan gizo: a kafa azara a jikin bango, a ɗaure wata a kanta tana leƙowa gaba kaɗan, hawa bisa hawa, daga gefe biyu har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da laka. Da haka ake samun zaure mai faɗi da zai ɗauki jama'a ba tare da ƙarfe ko siminti ba. A waje kuma akan shafa makuba, wadda ake samu daga ɗorawa, a sa indararo don ruwan sama ya zuba nesa da bango.

Mutumin da ya shiga irin wannan ɗaki, ko Bamaguje ko Musulmi maƙwabci, idonsa ya riga ya san siffar, domin ya gan ta a zauren hakimi da soron attajiri. Masu cewa bin Almasihu addinin Bature ne, ginin kansa yana ba su amsa kafin mai wa'azi ya hau mumbari.

Abin da ya faru a Armeniya

Ba mu ne muka fara haka ba. Armeniya, ƙasa mai duwatsu da ke gabas da Turkiyya, ana lissafa ta a matsayin ƙasa ta farko da ta karɓi addinin Kirista a hukumance, bisa al'ada a shekarar 301. Wajen 405 Mesrop Mashtots ya ƙirƙiro musu haruffa, aka juya Littafi Mai Tsarki cikin harshensu. A ƙarni na 7 suka cika ƙasarsu da majami'u na dutsen da aman wuta ya bari, mai sauƙin sassaƙa, da shimfiɗa mai siffar gicciye da tulluwa a tsakiya. Majami'ar ƙauyen Mastara tana nan tsaye tun wancan zamani, duk da yaƙe-yaƙe da girgizar ƙasa. Hanyarsu da ta Wusasa ɗaya ce: Maganar Allah cikin harshen gida, ɗakin sujada kuma da kayan gida da hannun 'yan gida.

Darasi ga mai hidima

Bambancin shi ne dutse yana jure sakaci, laka ba ta jurewa. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe da gyaran indararo kafin damina. In aka bar shi shekara biyu ko uku, rufi zai jiƙe ya rufta, har ya iya halaka mutane. Ga shi giginya ta yi ƙaranci, gwanayen bakan gizo kuma suna ƙarewa. Don haka dattijon da ke neman bulo da kwano yana da hujjarsa. Amma a auna ɗaya gefen ma. Kwano marar silin yakan mai da sujadar watan Afrilu azaba, in ruwa ya sauko kuma ba a jin wa'azi. Sau da yawa ikilisiyar manoma takan rushe abin da take iya riƙewa da aikin gayya, ta fara abin da kuɗin masara da auduga ba za su gama ba, ta shekara goma a kango.

Manzo Bitrus ya kwatanta masu bi da duwatsu masu rai da ake gina gida na ruhaniya da su (1 Bitrus 2:5). Jama'ar da ke taruwa kowace shekara su yaɓe bangon majami'arsu, maza na kwaɓa ƙasa, zumuntar mata na kawo ruwa, suna koyon wannan aya da hannunsu. In har dole ne a yi sabon gini, kada a yi gaggawar rushe tsohon. A mai da shi ajin Lahadi ko ɗakin addu'a, a rubuta sunayen waɗanda suka gina shi da shekarar ginin tun tsofaffin da suka sani suna da rai.

Tambayoyi don nazari

1. Su wa suka gina majami'ar farko a ikilisiyarka, da wane irin kaya, a wace shekara?
2. Me ginin majami'arku yake faɗa wa maƙwabtanku game da bangaskiyarku?
3. In dattawa suka kawo shawarar rushe tsohon gini, waɗanne abubuwa uku za ka roƙe su su auna tukuna?