Rauni ko Gajeren Zango? Sake Duba Dalilin Shuɗewar Jirgin Yaƙi Mai Sulke

Ra'ayin da ya fi yaɗuwa a rubuce-rubucen Yaƙin Duniya na Biyu shi ne cewa zamanin babban jirgin ruwa mai sulke da manyan igogi ya ƙare a Disambar 1941, saboda jirgin sama ya tona asirin rauninsa. Wannan maƙala ta yarda cewa zamanin ya ƙare. Dalilin da ake bayarwa ne take ganin akwai gyara a cikinsa.

Asalin batun sananne ne ga masana: aƙidar gwabzawa guda mai raba gardama (Mahan, 1890), nasarar Japan a Tsushima a 1905, da ƙaddamar da jirgin sulke na Birtaniya Dreadnought a 1906. Hujjar rauni kuwa ta samo tushe ne daga Janar Billy Mitchell na Amurka, wanda jiragensa suka nutsar da Ostfriesland, tsohon jirgin Jamus, a Yulin 1921. Sai dai jirgin a tsaye yake, babu mai harbi a cikinsa, babu mai toshe ɓaraka. A Taranto a 1940 da Pearl Harbor a 1941 ma, jiragen suna ɗaure a tasha aka yi musu dirar mikiya. Cikin jiragen sulke takwas na Amurka da ke Pearl Harbor, Arizona da Oklahoma kaɗai aka rasa har abada. Shida sun koma aiki, biyar daga cikinsu kuma suna sahun da ya tare rundunar Japan a mashigin Surigao a Oktoban 1944.

Mai bin ra'ayin Mitchell yana da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Zai ce: jiragen Birtaniya Prince of Wales da Repulse fa? Ranar 10 ga Disamba 1941 suna tsakiyar teku daura da Malaya, suna gudu, suna kauce-kauce, suna harbi, amma jiragen saman Japan suka nutsar da su cikin 'yan sa'o'i, tare da Admiral Tom Phillips da mutane sama da 800. Ba za a yi wa wannan hujja riƙon sakainar kashi ba. Ana iya cewa Repulse tsohon jirgi ne na 1916 mai siririn sulke, kuma tofido, wato nakiyar da ke gudu ƙarƙashin ruwa, ta sami Prince of Wales a gindin farfela, ruwa ya kwararo, wutar da ke juya bindigogin kakkaɓo jiragen sama ta ɗauke. Duk gaskiya ne, amma bai isa ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne babu jirgin sama ko ɗaya da ke kare su lokacin harin, kuma a irin wannan hali babu jirgin ruwan da zai tsira. Wata huɗu bayan haka aka nutsar da Hermes, jirgin dakon jiragen sama na Birtaniya, kusa da Silon. A Midway, a Yunin 1942, Japan ta yi asarar irinsa huɗu, kuma da alama bam ɗaya ne ya ci ɗayansu, Akagi (Parshall da Tully, 2005). Musashi, jirgin Japan mai sulke, kuwa, bisa ƙiyasin da aka fi ambata, sai da ya sha tofido 19 da bama-bamai 17 kafin ya nutse. Da rauni ne ma'auni, da jirgin dako aka fara yi wa ritaya.

A nan wajibi ne a taƙaita da'awar. A Satumban 1943 bama-bamai biyu na Jamus masu linzamin rediyo sun nutsar da Roma, sabon jirgin Italiya, abin da ke nuna cewa sulke ma ya kusa cin ma iyakarsa. Saboda haka abin da hujjoji suka ba da damar faɗa bai wuce tekun Fasifik daga 1942 zuwa 1945 ba, inda Amurka ba ta sake rasa jirgi mai sulke ko ɗaya ba.

Duk da haka, a Yulin 1943 Amurka ta soke ƙera jiragen sulke na jerin Montana. Ba a soke abin da bai nutse ba don tsoron nutsewa. An soke shi ne, a ganina, domin hannunsa ba ya kaiwa. Igogin jirgin sulke na Japan, Yamato, masu faɗin santimita 46 suna jefa harsashi kimanin kilomita 42, alhali jirgin sama yana kai bam ɗaruruwan kilomitoci ya dawo. A gwabzawar Tekun Koral a Mayun 1942 rundunonin biyu ba su ko hangi juna ba. A Midway Yamato yana can baya, bai harba ko sau ɗaya ba, har aka gama yaƙin.

Aikin da ya rage wa jirgin sulke shi ne luguden wuta a gaɓa da rakiyar jiragen dako, kuma jiragen Amurka Missouri da Wisconsin sun yi na farkon har a Yaƙin Tekun Fasha na 1991. Daga 1942 zuwa 1945 jirgin sama bai fi ƙarfin sulken jirgin Amurka a Fasifik ba, ya dai fi igwarsa nisan zango, kuma a kan wannan ya kamata masu rubuta tarihin 1941 su gina hukuncinsu.