Yadda Matar Uba Ta Shiga Tatsuniya

Mahaifiyata ta rasu ina da shekara 4. Bayan shekara guda babana ya auro wata mace daga wani ƙauye kusa da Maraɗi. Ita ce ta rene ni, ita kuma nake kira Inna har ranar da ta bar duniya. Daga bakinta na fara jin tatsuniyar ruwan Bagaja. Yadda Inna take faɗinta, 'yan mata biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya mai ladabi, ɗaya mai tsiwa. Mai ladabin ta tafi wankin kirgi, ta gai da duk abin da ta tarar a hanya, ta zaɓi ƙaramin ƙwai, ta komo gida da dawakai da dukiya. Mai tsiwar kuwa ta zaɓi babban ƙwai, ta komo da abin kunya.

Haka na san tatsuniyar, har wani dare a dandali da wata yarinya ta fara ta da cewa wani mutum yana da mata biyu, bora da mowa. Na ce ƙarya take yi, ba haka ake faɗi ba. Yara suka bushe da dariya, gama kowa a garin ya san da bora da mowa sai ni. Wani yaro ya ce, "To, ai kai a hannun matar uba kake." Na koma gida ina kuka, ban kuwa gaya wa kowa dalili ba.

Shekaru da yawa bayan haka na karanta tarihin wani littafin tatsuniyoyi na ƙasar Jamus. A ciki na tarar wani mutum mai ilimi ya sa hannu a tatsuniya kamar yadda Inna ta sa, sai dai abin da ita ta fitar shi ne shi ya shigar.

Littafin na wasu 'yan'uwa biyu ne, Jacob Grimm da ƙanensa Wilhelm. An haifi Jacob a 1785, Wilhelm kuma a 1786, a garin Hanau. Ubansu ma'aikacin shari'a ne, ya rasu a 1796, ya bar uwarsu da 'ya'ya 6 da talauci. Matar nan ta yi fama har ta ga manyan biyu sun yi karatun shari'a a jami'ar Marburg, sa'an nan ta rasu a 1808. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa. Sa'ad da suka fara tara tatsuniyoyi, Faransawa ne suke mulkin Kassel, garin da suke zaune, gama Napoleon ya naɗa ƙanensa Jérôme sarki a can tun 1807. Jamus kuwa a lokacin masarautu ne barkatai. 'Yan'uwan suna ganin harshe da tsofaffin labarai su ne igiyar da ta ɗaure Jamusawa wuri ɗaya, saboda haka suka ɗauki aikin kamar ceton kayan gado kafin ya salwanta. Littafi na farko ya fito a watan Disamba na 1812 da tatsuniyoyi 86, na biyu ya biyo a 1815 da 70. Sunansa yana nufin tatsuniyoyin yara da na gida, amma ba zane ko ɗaya a ciki, sai bayanai irin na masana.

An daɗe ana zaton sun bi ƙauyuka ne suna tambayar tsofaffi. Mafi yawa a cikin Kassel suka same su, daga bakin 'yan mata masu karatu. Akwai 'ya'yan gidan Hassenpflug, waɗanda uwarsu jinin Faransawan nan ce da suka gudo Jamus saboda tsanani a kan bangaskiyarsu. Akwai 'ya'yan Wild, mai kantin magani maƙwabcinsu, har Wilhelm ya auri ɗayarsu, Dortchen, a 1825. Akwai kuma Dorothea Viehmann, matar wani tela, wadda ita kaɗai ta ba su fiye da 40. Watau tun kafin a kai ga takarda, tatsuniyoyin sun riga sun ratsa bakuna da yawa.

Da littafin ya shiga gidaje sai ƙorafi ya tashi. Akwai wani gajeren labari a ciki na yara da suka ga ubansu ya yanka alade, suka ce bari su ma su yi wasan mahauta, ɗaya ya yanka ƙanensa. Abokinsu marubuci, Achim von Arnim, ya rubuto musu cewa ya ji wata uwa tana kukan ba za ta iya miƙa wa 'ya'yanta littafin ba saboda labarin nan. Amsar Wilhelm a farkon 1813 ta ba ni mamaki. Ya ce shi kansa daga bakin mahaifiyarsa ya ji labarin yana yaro, abin da ya yi masa kuwa shi ne ya sa shi taka tsantsan a wurin wasa. Ga labari ɗaya, wata uwa tana ɓoye shi, wata uwa kuma ta riga ta yi horo da shi. Jacob ma bai yarda cewa don yara kaɗai aka yi tatsuniya ba.

Duk da haka ƙorafin ya ci. Tun daga bugu na biyu a 1819 gyaran ya koma hannun Wilhelm, gabatarwar kuma ta shaida wa iyaye an cire duk maganar da ba ta dace da yara ba. Labarin mahautan ya fita. Ya ci gaba da gyara har bugu na 7 a 1857, mai tatsuniyoyi 200 da wasu labaran tsarkaka 10. Ya ƙara karin magana, ya ƙara addu'a da ambaton Allah a wurare dabam dabam. A nan ne matar uba ta sami babban matsayinta.

Ku ɗauki tatsuniyar kyakkyawar yarinyar nan da madubi mai magana da wadanni 7. A bugun 1812, sarauniyar da ta roƙi haihuwa, ta haifi yarinyar da cikinta, ita ce ta yi kishin kyanta, ta aiki maharbi ya kashe ta ya kawo huhunta da hantarta. A 1819 sai uwar ta mutu wurin haihuwa, sarki ya auro wata, muguntar duka ta koma kan baƙuwar. Haka tatsuniyar Hansel da Gretel. Yunwa ta shiga ƙasa, aka kai yara biyu daji aka yashe su. Da fari uwarsu ce ta matsa wa miji a yi haka. A bugu na 4, a 1840, aka mai da ita matar uba. Akwai kuma tatsuniyar Frau Holle, wadda duk Bahaushen da ya ji ta zai tuna da ruwan Bagaja: 'yan mata biyu, ɗaya ta yi hidima aka zuba mata zinariya, ɗaya ta yi ƙyuya aka zuba mata kwalta. A 1812 gwauruwa ce da 'ya'yanta biyu, ta fi son malalaciyar. Daga baya aka ƙara cewa ta fi sonta ne domin ita ce 'yar cikinta.

Abin lura, azaba ba ta dami Wilhelm ba. A tatsuniyar Sindarella, a 1819 ne ma aka ƙara inda kurciyoyi suke ƙwaƙule idanun 'yan matan nan biyu da suka wulakanta ta. Amma a tatsuniyar Rapunzel, inda yarinyar ta tambaya me ya sa rigunanta suke matse ta bayan ziyarar ɗan sarki, wannan kam ya share shi. Ga alama cikin da ba na aure ba ya fi ƙwaƙule ido ba shi tsoro.

Me ya sa ya ɗora laifin a kan matar uba? Wani dalili a fili yake. A Turai ta wancan zamani mata da yawa suna mutuwa wurin haihuwa, mazan kuwa sukan sake aure da wuri, yara da yawa sun girma a hannun matar uba, rigimar gado kuma ba ta ƙarewa. Masu nazari kuma suna ganin mutanen zamaninsa sun ɗaukaka uwa har ba sa jure a nuna ta da mugunta. Ni dai idan na tuna da gwauruwar nan ta Hanau da 'ya'yanta 6, ina iya gane abin da ya hana alƙalamin ɗanta rubuta cewa uwa ta yashe 'ya'yanta a daji. Na gane shi, amma ban wanke shi ba. Ya kāre mutuncin wata mace da na wata, littafin kuwa ya shiga harsuna fiye da 100 da hukuncin nan a cikinsa.

Ba Wilhelm ne ya fara sa wa tatsuniya linzami ba. 'Yan'uwanmu da suka yi lakwal za su tuna da Charles Perrault, Bafaranshen da ya buga tatsuniyoyi 8 a 1697, kowace da darasi a waƙe a ƙarshenta. A wurinsa kyarkeci ya cinye yarinya mai jar hula, shi ke nan, darasin kuwa gargaɗi ne ga 'yan mata a kan maza masu daɗin baki. A wurin su Grimm maharbi ya zo ya farke cikin kyarkecin, ta fito da rai.

Namu tatsuniyoyin ma sun bi ta hannuwa kafin su kai takarda. Cikin na farko da aka buga akwai waɗanda Dorugu, wani yaro daga ƙasar Damagaram da aka bautar, aka 'yanta, ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855, ya faɗa wa ɗan mishan J. F. Schön. Suna cikin littafin Magana Hausa na 1885. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga littattafai 3 na tatsuniyoyi da labaran da malamai suka rubuta da ajami, a 1913 kuma R. S. Rattray ya buga abin da Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Dubi wannan jeri da kyau. Tatsuniya aikin mata ce da dare, amma kusan duk wanda ya riƙe alƙalami namiji ne. Daga baya Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939 domin 'yan makaranta. Ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, ya ɗebo daga su Grimm da wasu, ya sa musu riga da rawani har ba mai cewa baƙi ne, ya kuma ɗora karin magana a kan labarai da yawa, darasin yana tsaye a bakin ƙofa tun kafin a shiga. Tsohuwa a tsakar gida kuwa da ƙurunƙus kan kusu take rufewa, ta bar yaro ya kwana da abin da ya ji.

Kishiya ba Bature ne ya kawo mana ita ba, tana cikin tatsuniyoyinmu tun kaka da kakanni, gama tana cikin gidajenmu. Amma ina roƙon malaman makarantar Lahadi da suke aron tatsuniya su yi koyarwa da ita, su duba wanda yake zaune a kan benci. Ko a gidan mace ɗaya mutuwa takan kawo matar uba. Akwai kuma wani abu a ruwan Bagaja da ban lura da shi ba sai da na girma: abin kunyar da ya fito daga ƙwan 'yar mowa kutare ne da makafi a kan jakuna. A ikilisiyar da na tashi akwai dattawan da kuturta ta cinye wa yatsu, akwai makahon da yake jan waƙa. Sun sha jin mu muna dariya a daidai wannan wuri. Inna ba ta taɓa ambatarsu ba, ita dai abin kunya take cewa ta wuce.

Na tambaye ta sau ɗaya tak, bayan na yi aure, tana zaune a gindin dalbejiya tana ɓarar gyaɗa. Na ce, "Inna, don me kika ɓoye mini bora da mowa?" Ta daɗe ba ta ce kome ba, har na zaci ba ta tuna ba. Can ta ce, "Kai kana damata, ƙanwarka tana haguna, tabarma ɗaya. Wanne zan ce ɗan bora ne a cikinku?" Sa'an nan ta turo mini ƙwarya, ta ce in taya ta ɓara tun rana ba ta faɗi ba.