Janar Dembinski a Zaune

A 1852 Henryk Rodakowski, mai zane ɗan Poland da ke zaune a Paris, ya zana Janar Henryk Dembinski, hoton kuma ya ci masa lambar zinare a babban baje kolin zane na birnin. A lokacin babu Poland a taswira. Rasha da Austriya da Prussia sun gama raba ta tun 1795.

Dembinski ya yaƙi Rasha a 1831, ya sake ɗaura ɗamara tare da mutanen Hungary a 1849. Duk biyun ba a yi nasara ba, ya ƙare a gudun hijira.

Abin da ya sa nake ƙaunar hoton nan shi ne ba a ɗora shi kan doki ba, kamar yadda aka saba yi wa hafsoshi. Yana zaune ne a bakin tanti da kakinsa, furfura ta cika masa fuska, ya yi zurfi cikin tunani, ana gwabzawa can nesa a bayansa. A ganina Rodakowski bai yi masa fadanci ba, ya nuna dattijon da ya san ɗacin faɗuwa amma bai tuɓe kaki ba.

Hoton yana gidan tarihi na ƙasa da ke Krakow.