Fijo 504: Motar da mu ka haɗa a Kakuri, mu ke kai wa 'yan gwangwan

Kwanakin baya wani aboki na darakta ya zo mani da matsala. Ya na shirya fim ne wanda labarin sa ya faru a zamanin siyasar 1979, ya samu kaftani da hula da tsohuwar rediyo, har da kujerun falo irin na da, amma abu ɗaya ya gagare shi: Fijo 504 mai lafiya wadda za a ɗauka a kyamara ba tare da an ji kunya ba. Mako biyu mu na zagaya gareji-gareji. Ta farko da mu ka gani kaji ne ke ƙwai a kujerar bayan ta. Ta biyu kuma mun makara da kwana uku, masu sayen ƙarfe sun riga sun yanka ta sun ɗora a sikeli.

Mai karatu, in dai shekarun ka sun kai arba'in, ka san wannan abin mamaki ne. Akwai lokacin da ba ka iya tsallaka titi a Kano ko Kaduna ko Zinder ba ka jira Fijo ta wuce ba.

A Faransa aka haife ta. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a watan Satumba na 1968, bayan yajin aiki da boren ɗalibai na watan Mayun shekarar sun jinkirta fitowar ta. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffar ta, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara ta nahiyar Turai. Da injin mai cc 1796 ta fara, daga baya aka ƙara mai cc 1971, wanda shi ne bakanikan mu su ka haddace kamar karatun allo. Tayoyin baya ke jan ta, cikin ta ya yi nesa da ƙasa, ga shakazoba mai dogon numfashi da ke shanye gargada. Faransawa sun ƙera ta ne don hanyoyin ƙauyukan su, sai ga shi kamar da hanyar Gumi ko ta Gashuwa aka auna ta. A 1975 wani direba ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, ya ci gasar tseren Safari ta Kenya da ita, gasar da motoci da yawa ba su ma kai ƙarshen ta.

Kafin ta akwai yayar ta, 404, wadda ta fito a 1960, ta kuma saba wa mutanen mu da tambarin zaki. Amma abin da ya mayar da 504 'yar gida shi ne kuɗin fetur. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙulla yarjejeniya da Faransawa, aka kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a 1972, masana'antar kuma ta fara aiki a Kakuri, Kaduna, a 1975. A wannan shekarar ce Volkswagen ta fara haɗa 'yar ƙunduduwar motar nan mai kama da kunkuru a Legas. Kafin shekarun su ƙare an shirya wasu masana'antun na manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu. Wani abin da matasa ba su sani ba shi ne, saboda cunkoson da tashar jiragen ruwa ta Legas ta shiga a lokacin, a jirgin sama aka riƙa ɗauko sassan Fijo daga birnin Liyon zuwa filin jirgin Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Ka ji arziki! Ƙofar mota da bambar ta su na hawa jirgin da mai motar bai taɓa hawa ba.

Ga kuma ƙarin albashin Udoji da aka sanar a 1974, ga bashin mota da gwamnati ke bai wa ma'aikaci. Malamin sakandare da ya gama jami'a na iya zuwa ɗaurin auren sa a sabuwar mota, ba wanda zai ce ya yi sata.

Sai ranar 13 ga Fabrairu, 1976, aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikin baƙar Marsandi a cunkoson motocin Legas. Motar na nan a gidan tarihi na Onikan da hujojin harsashi a jikin ta. Gwamnatin Obasanjo da ta biyo baya ta ɗauki tsarin rage ƙasaita, aka ce manyan jami'ai su koma Fijo 504. Daga nan ta zama motar hukuma: gwamna a ciki, alƙali a ciki, ɗan sanda a ciki, motar asibiti ma ita ce. Da farar hula su ka dawo a 1979 Marsandi ta sake ɗaga kai a gidajen gwamnati, amma sakatare da darakta da shugaban makaranta duk su na nan a Fijo. A farkon shekarun 1980 dubun-dubatar motoci ke fita daga Kakuri kowace shekara.

Ni dai a gani na, darajar 504 ta gaskiya ba a ofis ta ke ba, a tasha ta ke. Wagon ɗin ta mai layin kujeru uku ita ce jirgin talaka mai sauri. Faransawa sun ƙera ta don iyali mai 'ya'ya da yawa, mu kuma mu ka mayar da ita ta haya, aka ƙara mutum a gaba, aka ɗaure buhuna da akwatuna a but har murfin bai rufuwa. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar can ƙurya daga Kano zuwa Maiduguri, gwiwar sa a haɓar sa, ba zai manta ba. Kuma kada son tuna baya ya sa mu yi ƙarya: gudun da direbobin wagon ke yi ya ci rayuka masu yawa, har ana yi mata laƙabi da makara. A-kori-kurar ta kuwa ita ke kai tumatir da albasa kasuwa, ta dawo da siminti.

A Nijar labarin ya bi wata hanyar. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsofaffin Fijo da arha a Faransa, su tsallaka teku zuwa Aljeriya, su keto Sahara ta Tamanrasset, su shigo ta Assamaka da Arlit da Agadez, su sayar da motar su hau jirgi su koma gida da ribar. Motar da aka gaji da ita a Turai sai ta fara sabuwar rayuwa a matsayin tasi a Yamai ko Maraɗi. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 su ka kashe wannan fataucin.

Abin da ya karya ta a Nijeriya kuwa kowa ya sani. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin SAP, naira da ta fi dala a hukumance ta faɗi har dala ɗaya ta kai wajen naira 4 cikin shekara guda, sassan da ake shigowa da su su ka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai kasuwar 'yan Beljiyam da Kwatano ta buɗe, Honda da Toyota su ka cika gari, ba su shan mai sosai, ga sanyi a ciki. A Turai an daina ƙera salun ɗin 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara ashirin bayan haka, har tsakiyar shekarun 2000, ta zama ɗaya daga cikin wurare na ƙarshe a duniya da aka haɗa ta. A 2003 gwamnati ta mayar da alawus ɗin manyan ma'aikata kuɗi a hannu maimakon saya masu mota, babban mai ciniki ya janye. An sayar da PAN ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012.

Marubutan mu da 'yan fim ma su na da laifi kaɗan, a yi mani afuwa. A littattafan soyayya saurayi ba ya zuwa zance sai a motar da ta fito bana, mai baƙin gilashi. In ka ga Fijo a fim, to ta mugun kawu ce, ko wadda za ta mace a tsakiyar titi a tura don 'yan kallo su yi dariya. Mun koya wa yara cewa tsohuwar mota talauci ce kawai. Alhali a ƙasashen Turai mutane na kafa ƙungiyoyi don irin waɗannan motoci, su na wanke su ranar Lahadi su fita yawo. Samfurin 504 mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama sun yi tsada ƙwarai a can. A 2011 an yi gwanjon farar 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, aka ba da rahoton an saye ta dala miliyan 2.5, ko da ya ke wannan kuɗin sunan mai ita ne, ba na ƙarfen ba.

To wanda ke sha'awar ajiye tsohuwar mota a ƙasar nan, ba shi da wadda ta fi 504 sauƙi. Kuɗin ta bai kai na 'yar Beljiyam mafi arha ba. Ba ta da ƙwaƙwalwar da sai an jona kwamfuta kafin a san ciwon ta. Kafireto ne da fulogi da kwantak, tsohon bakanike na jin ƙarar ta ya gaya maka abin da ke damun ta. Kayan gyaran ta, sabo da na hannu, ana samu in an tona a Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, sai dai jabu ya yi yawa, ka tafi da wanda ya san kaya.

Abin dubawa na farko bodi ne, ba inji ba. Inji ana sauke shi a gyara, amma tsatsa in ta ci ƙasan mota, kuɗin fanalbita sai ya ninka kuɗin sayen. Ɗaga kafet ka duba daɓen, ka duba ƙarƙashin ƙofofi da cikin but. A nan mu 'yan Arewa mun yi sa'a, domin busasshiyar iskar mu ba ta cin ƙarfe kamar ta bakin teku. Motar da ta yi rayuwar ta a Katsina ta fi wadda ta zauna a Fatakwal. Ka guji wadda ta yi haya, ta riga ta ba da abin da ke jikin ta. Nemi ta tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya ya kafe ta a gindin darbejiya. Buɗe lagireto ka ga ko ruwa ya haɗu da baƙin mai. Sannan ka gwada lambar shasi da ta takarda, musamman motocin da aka yi gwanjon su daga ma'aikatu, ko na gado waɗanda magada ba su gama magana a kan su ba.

Sai mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, duk mai injin kafireto na lita biyu ya san abin da ya ke ji a aljihu. Ba ta da jakar iska, birkin ta na zamanin ta ne. Ba motar zuwa aiki kullum ba ce kuma, ta Juma'a ce da ɗaurin aure da hawan Sallah.

Daga ƙarshe mun samu tamu a wani gida a Zariya, ruwan toka, ƙirar Kaduna, a wajen wata dattijuwa da mijin ta ya rasu ya bari. Ta ce ba ta sayarwa ba ce, amma ta yarda a ba mu haya na kwana goma, da sharaɗin jikan ta ne zai tuƙa. Aka sa sabon batir, aka wanke kafireto, aka zuba mai a galan. A bugu na uku ta tashi.