Yadda Agana Ta Kuɓuce A Jami'ar Birmingham

Dattawan ƙasar Hausa ba su bukatar a gaya musu abin da ake kira agana. Sun ga shekarun da takan shiga gari da rani, ta ɗebe yara, ta makantar da waɗansu, ta bar sauran da zanzana a fuska har iyakar rayuwarsu. Sun kuma ga duba-gari da masu lamba suna bi unguwa unguwa. Cikin shekarar 1967 aka ɗaura babban yaƙi da ita a Afirka ta Yamma, zuwa 1970 an daina ganinta a Nijeriya. Mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta daga jama'a, kamar yadda aka saba ɗauka tun zamanin kakanni, wani kuku ne na asibiti a garin Merka ta ƙasar Somaliya, mai suna Ali Maow Maalin, cikin watan Oktoba na 1977, ya kuwa warke. Amma wadda agana ta kashe daga ƙarshe a duk duniya ba 'yar ƙauye ba ce. Ma'aikaciya ce a makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Birmingham, a tsakiyar Ingila, ta kuma kamu ne a wurin aikinta.

Kafin a fahimci yadda haka ta auku, sai an san yadda dokar kiyaye lafiyar ma'aikata ta taso a Ingila. Tun 1833 gwamnatin ƙasar ta naɗa mutum huɗu su riƙa shiga masaƙu suna duba halin da yara ma'aikata ke ciki. Daga nan doka ta yi ta bin wuraren aiki ɗaya ɗaya, ta shiga ramukan haƙar kwal, ta shiga sauran masana'antu, cikin 1963 ta kai ga kantuna da ofisoshi. Jami'o'i kuwa aka bar su a waje, domin ana ganin gidan masana ne, wanda ya san cuta fiye da kowa ba ya bukatar wani ya zo ya nuna masa yadda zai tsare kansa daga gare ta. Sai a 1972 wani kwamiti a ƙarƙashin Lord Robens ya ba da shawara a yi doka guda wadda za ta haɗa kowane wurin aiki. Aka kafa ta a 1974, ta shigo da ma'aikata wajen miliyan 8 waɗanda dā babu dokar da ke kare su, har da na makarantu da asibitoci da ɗakunan bincike. A farkon 1975 aka buɗe Hukumar Kiyaye Lafiyar Ma'aikata, mai ikon shiga ko'ina, da ikon kai mai laifi kotu.

Gargaɗi ya riga ya zo. Cikin 1973 wata ma'aikaciya a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan ta ɗauki agana a ɗakin bincike. Aka kwantar da ita asibiti ba a gane cutar ba, mutum biyu, miji da mata, da suka zo gai da marar lafiyar da ke gadon kusa da ita suka kamu, suka mutu. Saboda wannan ne a 1975 aka kafa kwamitin masana don lura da ɗakunan da ke ajiye ƙwayoyin cututtuka masu kisa. Kwamitin ya tsara sharuɗɗa masu kyau: ɗakin agana ya zama da ƙofa biyu, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje, ya zama da wurin wanka da wurin sāke tufafi, da tukunyar dafa duk abin da zai fita. Illarsa ɗaya ce. Shawara kaɗai yake bayarwa, ba shi da ikon rufe ɗakin kowa, kuma masu duba da waɗanda ake dubawa duk abokan sana'a ne, sun san juna shekara da shekaru.

Shugaban ɗakin agana na Birmingham shi ne Shehun Malami Henry Bedson, mutum mai himma, wanda ake lissafawa cikin manyan masanan wannan cuta. Aikinsa shi ne rarrabe ƙwayar agana da danginta masu kama da ita, irin su ƙyandar biri, domin in an ce agana ta ƙare, a tabbata ba ta ɓuya jikin wata dabba ba. Aiki ne mai amfani ƙwarai. Amma ɗakin da yake yinsa ƙarami ne, cikin tsohon gini, ba shi da ƙofa biyu, ba wurin wanka, ba wurin sāke tufafi. A 1976 kwamitin nan ya aiko aka duba, aka ga duk wannan rashi, aka kuma yarda a ci gaba. Hujjar da aka kafa ita ce gwanintar Bedson, da cewa ma'aikatansa kaɗan ne, ana kuma yi musu lamba a kai a kai. Watau sunan mutum aka duba, aka kau da kai daga ginin.

Hukumar Lafiya ta Duniya a lokacin nan tana ƙoƙarin rage yawan ɗakunan da ke riƙe da ƙwayar agana, ba ta kuwa sa Birmingham cikin waɗanda za a bari ba. Aka shirya ɗakin zai daina aikin a ƙarshen 1978. Cikin watan Mayu na shekarar masu dubawa na Hukumar suka zo, suka ce wurin bai kai yadda ake so ba, suka faɗi gyare-gyaren da ya kamata a yi, amma su ma ba su ce a rufe ba. Abin da suka gani bai isa kunnen shugabannin jami'ar yadda ya kamata ba. Ga shi kuma wa'adi ya matso, kashe kuɗi a kan ɗakin da saura wata bakwai a rufe ya zama kamar asara, Bedson kuwa yana gaggawar ƙare bincikensa, sai aikin ya ƙaru maimakon ya ragu.

A hawan da ke bisa wannan ɗaki akwai sashen nazarin gaɓoɓin jiki. Nan Janet Parker ke aiki, mace mai shekara 40, sana'arta ɗaukar hotuna don malamai da ɗalibai. Ba ta da wata hulɗa da binciken agana. Lambar da aka yi mata tun 1966 ce, shekara 12 ke nan, ƙarfinta ya ragu, ba wanda ya ga dalilin sabunta mata, tun da tsarin lamba bai wuce mutanen sashen Bedson da masu shiga wurinsu ba. Ran 11 ga Agusta 1978 ta fara ciwon kai da ciwon jiki, bayan 'yan kwanaki ƙuraje suka feso. Likitocin da suka fara ganinta ba su kawo agana a ransu ba, aka yi zaton ƙarambau ne ko kuwa magani ne bai karɓe ta ba. Ba abin mamaki ba ne, gama yawancin likitocin Ingila na lokacin ba su taɓa ganin mai agana da idonsu ba. Ta shafe fiye da mako guda a gida, iyayenta na jinyarta, kafin a kai ta asibiti. Wani likita da ya san cutar ya ɗebi ruwan ƙurajen ya kai a duba, ba kuwa wani wuri da za a kai sai wurin Bedson. A can aka sa a madubin likita, aka ga ƙwayar agana.

Aka ɗauke ta zuwa asibitin keɓe masu cuta na Catherine-de-Barnes, bayan gari. Ma'aikatan lafiya na Birmingham suka tashi tsaye, suka bi sawun duk wanda ya kusance ta, aka tsare mutum wajen 260 a gidajensu, aka yi wa fiye da 500 lamba. A nan dai aikin duba-gari ya yi kyau, domin ban da mahaifiyarta, wadda ta yi mai sauƙi ta warke, ba wanda ya ƙara kamuwa. Mahaifinta, da ke tsare a asibitin, ya rasu da ciwon zuciya ran 5 ga Satumba. Bedson, wanda shi ma aka tsare a gida, 'yan jarida sun kewaye ƙofarsa, baƙin ciki ya rinjaye shi, ya yi wa kansa rauni, ya rasu ran 6. Janet Parker ta cika ran 11 ga Satumba 1978, wata guda cur da fara ciwonta.

Gwamnati ta naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Shehun Malami Reginald Shooter. Kwamitin ya tabbatar ƙwayar da ta kashe ta irin wadda ake aiki da ita ce a ɗakin da ke ƙasa. Ya sami ma'aikatan da ba a horar da su sosai ba, da sakaci wajen bin ƙa'idodin da ɗakin ya tsara wa kansa, ya kuma zargi masu dubawa da suka gani suka ƙyale. Ya tono har ila yau cewa a 1966 wani mai ɗaukar hoto a wannan makaranta ya yi agana mai sauƙi, ba a kuwa bi diddigin inda ya samo ta ba a lokacin. Game da hanyar da cutar ta bi, kwamitin ya fi zaton iska ce ta ɗauke ta ta wani rami na bututu da ya ratsa bene, ta fito a wani ƙaramin ɗakin tarho inda Janet ta yi ta buga waya a ƙarshen watan Yuli.

Ƙungiyar ƙwadagon da Janet ke ciki ba ta yarda a rufe maganar ba. Shugabanta, Clive Jenkins, ya ba 'yan jarida rahoton tun gwamnati ba ta fitar da shi ba. Hukumar Kiyaye Lafiyar Ma'aikata ta kai jami'ar gaban majistare a ƙarƙashin dokar 1974, aka yi shari'a a ƙarshen 1979. Lauyan jami'a ya kawo manyan masana agana, suka ba da shaida cewa ƙwayar da za ta iya bin wannan rami ba ta isa ta kama mutum ba. Da masu ƙara suka kasa nuna hanyar, kotu ta wanke jami'ar. Hukuncin bai ce cutar ba daga ɗakin ta fito ba, wannan ba mai musunsa. Ya ce dai ba a tabbatar da laifin da aka kawo ba. Cikin 1981 aka biya mijinta diyyar fam 25,000. Har yau ba a san tabbatacciyar hanyar da ƙwayar ta bi ta same ta ba.

Ran 1 ga Oktoba 1978, kwana ashirin bayan rasuwarta, wata ƙa'ida da aka tsara tun 1977 ta fara aiki, wadda ta ba ƙungiyoyin ƙwadago ikon naɗa wakilai su riƙa zagaya wurin aiki suna dubawa, su nemi a nuna musu takardu, su sa a kafa kwamitin kiyaye lafiya. Da irin wannan wakili mai ɗaukar hoto da mai shara da akawu ke samun bakin tambayar abin da ake yi a ɗakin da ke ƙarƙashinsu. A 1981 aka yi doka ta tilasta wa duk mai niyyar ajiye ƙwayar cuta mai kisa ya sanar da Hukumar tukuna, aka kuma sāke kwamitin masanan nan da wani sabo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar ƙarewar agana ran 8 ga Mayu 1980. Abin da ya auku a Birmingham ya sa ta matsa wa ƙasashe su ƙone ƙwayar da ke hannunsu ko su miƙa ta, har ya zama wuri biyu kaɗai aka yarda su ajiye, ɗaya a Atlanta ta Amurka, ɗaya a Rasha. Duk da haka, cikin watan Yuli na 2014, ma'aikata suna kwashe kayan wani tsohon ɗakin ajiya a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka da ke Bethesda, sai suka tarar da 'yan kwalabe shida na ƙwayar agana cikin kwali, an manta da su tun wajen shekarun 1950. Da aka kai su Atlanta aka gwada, aka sami ƙwayar cikin biyu tana da rai.