Shiga Jami'a Daban, Zama a Cikinta Daban: Tarihin Ɗaliban Latin Amurka

A watan Maris na 1968, dubban ɗaliban sakandare a gabashin birnin Los Angeles suka fice daga azuzuwansu. Akasarinsu 'ya'yan 'yan asalin Meziko ne. Kokensu shi ne ana hukunta su idan sun yi Sifaniyanci a makaranta, ana kuma karkatar da su zuwa sana'ar hannu maimakon a shirya su don jami'a. Malaminsu Sal Castro ya mara musu baya, har aka kama shi.

'Yan ƙalilan da suka samu shiga jami'a a wancan zamani sun tarar da wata matsalar, wato kaɗaici. Da yawansu su ne na farko a zuriyarsu da suka kai wannan mataki. Babu wani a gida da ya san yadda ake neman tallafin karatu, ko wanda za a tunkara idan darasi ya gagara. Irin wannan ɗalibi yakan bar karatu ba don rashin ƙwazo ba, sai don rashin majingina.

Ɗaliban da kansu suka fara neman magani. A 1969 suka taru a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, suka haɗe ƙungiyoyinsu a ƙarƙashin suna ɗaya, MEChA, suka kuma nemi a riƙa koyar da tarihi da adabin al'ummarsu. Hukumomi ba su amsa da sauƙi ba. A 1993, sai da ɗalibai da wani farfesa suka yi yajin cin abinci na kwana 14 a jami'ar UCLA kafin a kafa cibiyar nazari mai sunan jagoran ma'aikatan gona, César Chávez.

Wasu kuma sun bi hanyar da ba ta da hayaniya. A 1981, malamai biyu a Kwalejin Chabot suka ƙirƙiro shirin Puente, kalmar da ke nufin gada. Shirin ya haɗa abubuwa uku: darasin rubutu, mai ba da shawara, da wani babba daga cikin al'umma da ya riga ya yi karatu, wanda zai riƙe hannun ɗalibi. Hannu ɗaya, ai, ba ya ɗaukar jinka.

Gwamnati ce ta zo daga baya. A 1986 manyan makarantu 18 suka kafa ƙungiyar HACU a San Antonio, kuma matsin lambarta ya sa a 1992 majalisar dokoki ta amince da wani rukuni na musamman: makarantar da kashi 25 cikin 100 na ɗalibanta 'yan asalin Latin Amurka ne tana iya neman tallafin tarayya.

Sai dai abin da hukuma ta bayar, hukuma na iya janyewa. A 2023 Kotun Ƙoli ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta sanar da dakatar da wannan tallafi. Abin da ya rage a hannun ɗaliban shi ne abin da suka fara da shi: ƙungiyoyinsu, da na gaba da ke juyowa ya nuna wa na baya hanya.